SASSAƘAR FILAFILI A ƘASAR FUNTUWA DA MALUMFASHI

1.0 Gabatarwa

Duk wanda aka ambata wa Funtuwa da Malumfashi, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne auduga da masara da dawa, domin kuwa ƙasa ce ta manoma. Amma kada a manta cewa daga wajejen Funtuwa ne gulbin Sakkwato ya taso, ya bi ta Gusau, ya haɗu da gulbin Rima, ya ratsa Argungu inda Sarkawa suka yi suna wajen su da tuƙin jirgi, kana ya faɗa Kwara. Haka kuma akwai madatsun ruwa, kamar na Mairuwa da Gwaigwaye da Malumfashi, inda ake kamun kifi. Duk kuwa inda kwalekwale ya shiga ruwa, dole a nemi abin tuƙa shi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba yadda ake sassaƙa filafili da hannu, a kuma nuna cewa ƙarfinsa da jimirinsa suna tattare ne da sanin halin ice, wanda ilmi ne da masassaƙan wannan yanki suka daɗe da shi ta hanyar yi wa manomi ƙota da yi wa uwargida muciya.

2.0 Suna

Filafili shi ne icen nan mai doguwar sanda da faffaɗan baki wanda ake ture ruwa da shi don jirgi ya ci gaba. Akan kuma kira shi matuƙi. Ɗalibin nahawu zai lura cewa a rubuce sunan ɗaya ne da na mutumin da ke tuƙin, karin sauti ne kaɗai ya raba su: sunan kayan aiki duk gaɓoɓinsa sama suke, kamar mabuɗi, na mai aikin kuwa gaɓarsa ta tsakiya ƙasa take. Wani abin lura kuma shi ne, da aikatau ɗaya Bahaushe ke tuƙa tuwo ya tuƙa jirgi. Ashe ke nan filafili wan muciya ne a harshe, kamar yadda yake wanta a gindin masassaƙi.

3.0 Zaɓen Ice

A nan ne rabin aikin yake. Ana bukatar icen da ya haɗa hali uku: ya jure ruwa, kada ya yi nauyin da zai gajiyar da kafaɗa, kuma jijiyarsa ta miƙe sak daga wannan kai zuwa wancan. Ƙirya, wadda ake ji da ita wajen turmi da taɓarya, ba ta ruɓewa da wuri, amma nauyinta ya yi yawa ga abin da za a ɗaga sau ɗaruruwa a yini. Rimi kuwa sakayau yake, sai dai bai da ƙarfin da zai ɗauki dannawa. Maɗaci, wanda da shi akan fafe jirgin kansa, ya tsaya a tsakani, saboda haka ya fi dacewa.

Idan aka gwada da ƙota za a ga bambanci. Mai neman ƙotar fartanya yana son reshe mai dunƙulallen kai ko mai gwiwa, domin a nan ne za a huda a cusa tsinin ruwan fartanya ba tare da icen ya tsage ba. Mai neman filafili kuwa gudun ƙulli yake yi, wato gurbin da reshe ya fito, domin a nan jijiyar ice take karkacewa, kuma a nan take karyewa. Abin da ke ado ga ƙota aibi ne ga filafili.

4.0 Matakan Aiki

Kayan aikin ba su da yawa: gatari, da gizago, da wuƙa, da ɗan gawayi na zane. Da fari akan yanke gungume wanda ya ɗara tsawon da ake so, watau kimanin kamu uku, ko kuma daga ƙasa zuwa ƙirjin mai tuƙin. Sai a faskara shi biyu. Hikimar faskare ita ce, ice yakan tsage ne ta hanyar da jijiyarsa ta bi, saboda haka abin da aka samu ba a datse masa jijiya ko ɗaya ba. Akan kauce wa ainihin cibiyar gungumen, domin daga nan tsagewa ke farawa, a kuma fere farin ɓangaren da ke bin ɓawo, wanda ƙwari suka fi ci.

Daga nan sai a daidaita fuska biyu da gizago, a ja layin tsakiya da gawayi, a zana siffar. Faɗin bakin ba ya cika wuce taƙi guda. Akan yi wannan sassaƙa ta farko tun icen yana ɗanye, lokacin da gizago ke shigarsa cikin sauƙi, a bar masa kauri, sa'an nan a jingine shi a inuwa ya bushe a hankali. In aka shanya shi a rana, ko aka bar shi a bakin iskar hunturu, bayansa zai riga cikinsa bushewa, ya tsuke, ya dare. Wannan jira yakan ɗauki makonni, shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan ya bushe sai a shiga sassaƙa ta biyu. A nan masassaƙi yana saran ice ne ta inda jijiya ta kwanta, in ya ji gizago ya fara ɓantaro tsoka sai ya juya icen ya ɓullo ta ɗaya kan. Bakin filafilin akan bar masa ɗan tudu a tsakiya kamar ƙashin baya, a siranta gefunansa don ya yanki ruwa. Wurin da ya fi bukatar hankali shi ne wuya, inda sanda ta haɗu da baki. Yayin tuƙi, hannu ɗaya yana tura kai gaba, ɗaya yana jan sanda baya, ruwa kuma yana tokare baki, sai nauyin duka ya taru kusa da wuya. Don haka ba a yi masa kwana mai kaifi, sai dai a zubo da kaurin sannu a hankali. A ƙarshe a kankare shi da wuƙa ko kaifin fasasshiyar kwalba don kada ya yi wa hannu kanta, a shafe shi da man kaɗe ko man gyaɗa.

5.0 Halin da Sana'ar Take Ciki

Sana'ar tana fuskantar matsala ta fuska biyu. Ta farko ita ce ƙarancin ice. Funtuwa na cikin wurare uku, tare da Gusau da Gombe, da aka fara shirin raya aikin gona da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, kuma noman shanu da na tarakta suna bukatar a tumɓuke kututture, ga kuma masu itacen girki da gawayi. An ce sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, to amma wanda aka cire da saiwarsa fa? Matsalar ba ta tsaya a nan kaɗai ba: yawan saran madobiya a Afirka ta Yamma don kai ta ƙasar Sin ya sa aka shigar da ita cikin yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikin tsirrai da dabbobi daga 2017.

Ta biyu ita ce sauƙin katako. Kafinta zai iya yanko siffar filafili daga katako da zarto cikin ɗan lokaci, amma zarto layinsa yake bi, bai san jijiya ba. In jijiyar ta ratsa wuya a karkace, to, ranar da aka danna shi da ƙarfi a tsakiyar ruwa zai karye, kuma a irin wannan wuri karyewar filafili magana ce ta rai.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa sassaƙar filafili ta ginu ne a kan zaɓen ice, da faskare, da haƙurin bushewa, da kula da wuya. Wannan ilmi a hannu da baki yake, uba ke miƙa wa ɗa a gindin inuwa. Ya kamata ɗaliban da suka fito daga Bakori da Ƙafur da Faskari da Ɗanja su yi amfani da hutunsu su zauna da masassaƙan garuruwansu, su rubuta sunan kowane irin gizago, da kowane sashe na abin da ake sassaƙawa, da kowane aikatau na aikin, tare da karin sautinsu, tun masu faɗarsu suna raye.