Darasin Wannan Wata: Wayar Malam da Karatun 'Ya'yanmu

 

Abin da ya sa muka ɗauko wannan darasi shi ne wata tambaya da ake yawan yi mana in mun fita zagayen makarantu a Nima da Mamobi da Sabon Zango, kuma 'yan uwanmu na Kumasi sun ce haka suke ji a Aboabo da Asawase. Malam ya ce a taimaka masa da kuɗin data, ko kwamitin makaranta ya ce kowane gida ya kawo wani abu a sayi kwamfuta, sai maigida ya tambaye mu: shin wannan abu karatu ne, ko ɓata kuɗi? Tambayar tana kan hanya, domin kuɗin da ake nema daga cefane ake cire shi. Za mu faɗi abin da muka gani da idonmu, har da inda mu kanmu muka yi kuskure.

Mu fara da kuskuren. Shekarun baya mun tara sadaka muka sayi ƙananan kwamfutocin hannu muka kai wata makaranta. An yi addu'a, an ɗauki hoto, kowa ya tafi gida yana murna. Da muka koma bayan 'yan watanni sai muka tarar da su a kulle cikin kabad. Biyu gilashinsu ya fashe, cajar wasu ta ɓata, sauran kuwa lafiyarsu lau amma ba abin da ke cikinsu sai wasannin da yara suka sa. Ba mu zargi malaman ba. Mu ne muka kawo kwano ba tuwo. Ba mu tambaye su me suke koyarwa ba, ba mu zauna mun nuna wa ko mutum ɗaya yadda zai yi amfani da su ba, kuma ajin ba shi da wurin caji. Tun daga ranar muka daina fara magana da na'ura. Yanzu da malam muke farawa, da darasin da yake son koyarwa gobe da safe.

Ga ticha na bangaren boko, abu na farko da ya kamata ya kasance cikin wayarsa kyauta ne. A watan Satumba na 2019 Gana ta shiga sabon tsarin karatu daga kindagatin zuwa aji 6 na firamare, daga baya aka bi da na JHS. Hukumar NaCCA ce ta tsara shi, kuma ta sa littafin kowane fanni a shafinta na intanet, kowa na iya saukewa ba tare da biyan ko kwabo ba. A ciki an rubuta abin da ya kamata yaro ya iya a kowane aji, mataki bayan mataki, har da misalan yadda za a koyar. Makarantunmu da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na GES, wanda aka kafa a 1987, wannan tsarin suke bi. Amma yawancin makarantun kuɗi na cikin zango, waɗanda wani bawan Allah ya buɗe a gidansa, tichocinsu matasa ne da suka gama SHS ba su shiga kwalejin horar da malamai ba. Mun sha samun irin waɗannan suna koyarwa da tsohon littafin da su kansu suka yi karatu da shi. In kai uba ne ko ɗan kwamiti, ka tambayi ticha cikin ladabi ko yana da tsarin NaCCA na fanninsa. In ya ce babu, sau ɗaya za a sauke, daga nan a tura wa sauran ta Bluetooth ko Xender, ba sai an ƙara kashe data ba. Hukumar kuma tana fitar da jerin littattafan da ta amince da su, ya kamata a duba kafin a sa iyaye su sayi littafi a kasuwa.

Wannan ya shafi jarabawa kai tsaye. BECE ta 2024 ita ce ta farko da aka yi a kan sabon tsarin, kuma a cikinta ne aka fara jarabawar Larabci ga masu so. Wannan abin farin ciki ne gare mu, tunda Larabcin da yaranmu ke sha tun suna ƙanana yanzu yana iya shiga takardar sakamakonsu. Sai dai tsofaffin tambayoyin jarabawa da ke yawo a WhatsApp, da yawansu na tsohon tsari ne. Suna da amfani wajen gwaji, amma ticha ya duba shekarar da ke jiki kafin ya ɗora yara a kai. Su kuwa masu tallan "apo", waɗanda ke cewa a turo MoMo su ba da tambayoyin da za su fito, ko dai damfara ce ko haramun, wani lokaci duka biyun. WAEC tana soke sakamakon wanda aka kama. Ticha da ya shiga irin wannan zaure bai kamata a bar masa yaranmu ba.

Akwai Khan Academy, wadda ke da darussan lissafi da kimiyya a bidiyo, kyauta, cikin Turanci. Shawararmu ita ce ticha ya kalla shi kaɗai da daddare, ya gane yadda aka warware abin, gobe ya zo ya bayyana wa yara da bakinsa da alli, ya sa Hausa inda Turancin ya yi musu nauyi. Yara 50 ba za su koyi komai daga fuskar waya ɗaya ba, na gaba za su gani, na baya su yi surutu. Makarantar da Allah ya hore wa kwamfuta ko da ɗaya ce, ta nemi wanda zai sa mata Kolibri. Wannan manhaja ce da ake zuba wa darussa sau ɗaya a wurin da ke da intanet, daga nan ta yi aiki ba data, har wasu wayoyi ko kwamfutoci da ke cikin ajin su iya jonuwa da ita. Kiwix ma haka take yi da Wikipedia. A gari irin namu da data ke ƙarewa tsakiyar wata kuma wuta ke ɗaukewa ba sallama, kayan da ke aiki ba intanet sun fi mana komai.

Wani abu da ke damunmu shi ne Hausa. Ba ta cikin harsunan Gana da gwamnati ta ware don koyarwa a makarantu, don haka ɗan zango a Ankara Ga ko Twi yake karantawa a aji, a Kumasi kuma Twi. Yana jin Hausa, yana mafarki da ita, amma bai iya karanta ta ba. Shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da ƙananan littattafan labarai masu hoto cikin Hausa, kyauta, kuma an yarda a buga su a takarda. Hausar ciki ta Najeriya ce ko ta Nijar, wata kalmar za ta ba yaranmu dariya, amma wannan ba laifi ba ne. A buga guda biyar ko shida, a yi fotokofi, a ajiye a aji.

Yanzu mu zo ga makarantar allo da ta Islamiyya, inda muke so iyayenmu su saurara da kyau, domin a nan ne muka ga waya ta haɗa rigima a gida.

Kakanninmu da suka zo ƙasar nan fataucin goro da ruwayar Warshu suka zo, kuma da ita har yau ake wanke allo a makarantu da yawa. Manhajojin Alƙur'ani da ke cikin waya kuwa, kusan dukkansu da ruwayar Hafsu suke buɗewa, wadda ake karantawa a Makka da Madina da Masar. Duka biyun ingantattu ne, ba wanda ya fi wani zama Alƙur'ani. Amma sun bambanta a wasu kalmomi, da wajen ja da taƙaitawa, da yadda ake furta hamza. Tun a Fatiha akwai kalmar da mai Hafsu ke ja, mai Warshu bai ja. Rubutun ma ya bambanta. A Alƙur'aninmu na gargajiya fa'un ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama. A rubutun gabas fa'un ɗigonta a sama yake, ƙafun ɗigo biyu. Yaron da ya saba da allo in ya ga fa'un ta waya zai karanta ta ƙafun. Ƙidayar ayoyi ma ba ɗaya ba ce: mus'hafin Hafsu 6236 ne, na Warshu da aka saba bugawa 6214, ba don an rage komai ba, sai don wuraren da ake tsayar da aya sun bambanta. Saboda haka in malam ya ce aya ta kaza, lambar da ke cikin waya tana iya nuna wata.

Mun ga uwa da ta sayi memori cike da karatu don ɗanta ya riƙa bi da dare, da kyakkyawar niyya. Yaro ya haddace yadda ya ji, ya je makaranta ya biya, malam ya ce kuskure ne ya gyara masa, ya dawo gida uwa ta ce ai ga shehi a waya haka ya karanta. Har ta kai ga ana cewa malam bai iya ba. Malam ya iya, shehin ma ya iya, yaron ne aka sa tsakiyar ruwayoyi biyu ba wanda ya gaya masa. Maganin mai sauƙi ne. A tambayi malam da wace ruwaya yake koyarwa kafin a sa wa yaro kowane karatu. In Warshu ce, a nemi karatun da aka rubuta Warsh a jikinsa. Shehu Mahmud Khalil al-Husari na Masar ya yi karatun Alƙur'ani cikakke da Hafsu, ya kuma yi da Warshu, don haka ganin sunansa kaɗai bai isa ba, sai an duba ruwayar. Karatunsa a hankali yake, ya dace da mai koyo. Ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina ita ma tana buga mus'hafin Warshu, alhazanmu na iya tambaya.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani, a ganinmu, shi ne muryar malam kansa. Malam ya ɗauki karatun allon yaro a WhatsApp, minti ɗaya ko biyu, ya tura wa uwar. Da asuba ko bayan magariba yaro ya saurara ya maimaita, ruwaya ɗaya, murya ɗaya, ba saɓani. Uwar da ba ta yi nisa a karatu ba ita ma tana ƙaruwa. Datar da wannan ke ci kaɗan ce ƙwarai. Sai dai a kiyaye, zauren iyaye na karatu ne. In aka fara tura tallan atamfa da bidiyon siyasa, saƙon malam zai nutse. A sa mutum ɗaya mai faɗa a ji ya riƙe zauren. Kuma kada a riƙa yaɗa hotunan yara, musamman 'yan mata, ko sakamakon jarabawarsu, ba da izinin iyaye ba.

Malaman da ke karantar da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala za su sami amfani a Maktaba Shamila, wadda ta tara dubban littattafan Larabci kuma ana iya neman kalma a cikinsu cikin ƙiftawar ido. Tana da kyau wajen bincike, amma ana samun kuskuren bugu a wasu littattafan, sai a gwada da na takarda kafin a karantar. Ita kuwa sabuwar na'urar da ake tambaya ta ba da amsa, irin ChatGPT da ta fito a ƙarshen 2022, tichoci suna amfani da ita wajen shirya darasi da tambayoyin gwaji, kuma tana rage wahala. Amma mun gwada ta da kanmu a kan hadisi, ta kawo mana lafazi mai daɗi da sunan littafi da lamba, muka duba babu shi a wurin. Ba ta jin kunya in ta ƙirƙira. A lissafi in ta yi kuskure ticha zai gane ya gyara. A hadisi kuwa jingina wa Annabi, sallallahu alaihi wasallam, abin da bai faɗa ba babban zunubi ne. Duk abin da ta kawo na addini kada ya shiga aji sai an gan shi a littafi.

To, me gida zai bayar in an nema? A 2021 gwamnati ta fara rabon kwamfuta ɗaya ga kowane ticha, amma na tichocin da ke aikin gwamnati ne. Malamin allo da tichan makarantar kuɗi ta cikin lungu ba su cikin lissafin, su ne namu. Mun lura cewa kuɗi kaɗan a wurin da ya dace ya fi kaya mai tsada: memori mai kyau, ƙaramar lasifika mai caji don aji duka ya ji karatu, batirin ajiye wuta saboda dumso, da data ta wata-wata da kwamiti zai saya kai tsaye a sa a layin malam. Kuɗin fotokofi ma a sa shi cikin lissafi, domin takarda ba ta mutuwa in an ɗauke wuta. In za a tara kuɗi ta MoMo, a sa lamba ɗaya da kowa ya sani, a karanta lissafi a gaban jama'a, kuma kada wani ya ba da lambar sirrinsa ga mai kira ko da ya ce daga makaranta yake.

Masu tsofaffin wayoyi a gida, da 'yan uwanmu na Jamus da Ingila da Amurka da ke aiko da kaya, muna karɓa in wayar tana riƙe caji kuma gilashinta bai fashe ba. Kafin ku miƙo, ku cire layi da memori, ku kwashe hotunan iyali, ku fita daga asusunku na Google, sannan ku goge komai. Wayar da aka bari a kulle da asusun mai ita ba ta da amfani a hannunmu, akwai irinsu cikin akwati a ofis har yanzu. Ku haɗo da caja. Malamin da ke so a zauna da shi a sa masa waɗannan abubuwa a waya, ya gaya wa limamin unguwarsa bayan sallar Juma'a, ya faɗi fannin da yake koyarwa da ruwayar da yake karantarwa, za mu zo mu same shi a makarantarsa in sha Allahu.