Yadda Ake Leƙa Cikin Kanel Ɗin Linux da Yaren Rust: Misali Daga Kogin Haɗeja

Manomin shinkafa a Auyo ko Kafin Hausa ya san cewa ruwan da ke cin gona a watan Agusta da Satumba ba duka ba ne yake sauka daga saman kansa. Wani daga can Kano yake gangarowa, ta madatsun ruwa na Tiga da Challawa, ya zo ya tarar kachalla ta toshe hanya, sai ya fantsama cikin fadama. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin sanin hawan kogi da wuri ba.

To, mu ɗauka wani ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja ya haɗa na'urar auna ruwa. Ya rataye ma'auni a ƙarƙashin gada, ya jona shi da 'yar ƙaramar kwamfuta mai aiki da Linux da hasken rana, ya rubuta direban da zai riƙa karɓo lamba daga ma'aunin. Kwatsam lambobi suka fara zuwa a birkice. Ma'aunin ne ya sha ƙura, waya ce ta saki, ko direban ne ke ƙarya? Direba a cikin kanel yake zaune, wato zuciyar tsarin da ke juya na'ura baki ɗaya, inda ido ba ya kaiwa. Don irin wannan ne Greg Kroah-Hartman ya samar da debugfs a ƙarshen 2004: wasu fayiloli da ba sa kan faifai, waɗanda in ka buɗe su, kanel ne ke gaya maka abin da ke cikinsa a daidai wannan lokacin.

Da shirya kanel ake farawa. Yaren Rust ya shiga Linux a sigar 6.1, cikin Disambar 2022, amma hanyar rubuta fayilolin debugfs da shi, wadda Matthew Maurer na kamfanin Google ya jagoranta, sai a sigar 6.18 ta shigo, a ƙarshen 2025. Don haka wannan sigar ko wadda ta biyo bayanta kake bukata. Ka buga make LLVM=1 rustavailable ka ji ko kayan aikinka sun cika, sannan ka kunna CONFIG_RUST da CONFIG_DEBUG_FS, ka gina.

Sai ka zauna ka yi shawara da kanka: me kake son gani? A nan ne masu koyo kan yi zari, su zubo duk abin da direba ya riƙe, su rasa abin dubawa. Ga na'urar kogi abu huɗu sun isa. Sau nawa aka karanta ma'aunin, sau nawa karatun ya faɗi, ɗanyar lamba ta ƙarshe kafin a yi mata lissafi, da kuma daƙiƙa nawa ake bari tsakanin karatu da karatu. Ukun farko na kallo ne kawai. Na huɗun za ka so ka iya canza shi, don in ruwa ya fara hawa ka matse tazarar.

Yanzu ka buɗe folda da Dir::new, ka raɗa mata suna, a ce kogi. A cikinta, kowane abin kallo ka yi masa fayil da read_only_file, na canzawa kuma da read_write_file. A kowanne kana miƙa suna tare da bayanin da fayil ɗin zai riƙe, sannan ka adana abin da aka mayar maka a cikin tsarin direbanka.

Wannan miƙawar ita ce gaɓar da ta bambanta Rust da tsohuwar hanya, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A yaren C, adireshin inda bayanin yake a ma'adanar kwamfuta kake ba debugfs, alhakin tuna sauran kuma yana wuyanka. In aka cire direba, ka saki wurin ajiyar, amma ka manta ba ka kira debugfs_remove da farko ba, fayil ɗin yana nan yana nuna wurin da yanzu na wani ne. Kamar allon shago ne da aka bari a rataye bayan mai shi ya tashi: mai zuwa ya shiga da sunan tsohon, ya tarar da kayan wani. A kanel, sakamakon shi ne na'ura ta sandare, ko kuma, mafi muni, ɓarawon intanet ya samu ƙofa. Kamfanin Microsoft ya bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa daga kurakuran sarrafa ma'adana suke fitowa.

A Rust, fayil ɗin ne ke riƙe da bayanin. Ranar da direba ya tafi, ana fara cire fayil ɗin, sannan a saki bayanin, kuma wannan jerin ba ya jiran tunaninka. Ba ka rubuta layin sharewa ba, balle ka manta shi. In kana da bayani guda da fayiloli da yawa za su leƙa, akwai scope, wanda ke ɗaure dukkansu da rayuwar bayanin.

Akwai tarko na biyu. Lokacin da kake karanta fayil, direba na iya kasancewa yana tsakiyar rubuta sabuwar lamba. Mai harhaɗa shirin Rust ba zai yarda ka miƙa bayanin da ba shi da kariya daga irin wannan karo ba. Ko dai ka sa shi cikin Mutex, makullin da ke barin mutum ɗaya ya shiga a lokaci guda, ko ka yi amfani da lambar atomik ga masu ƙirge. In ka ƙi, ginin zai tsaya tun a kan teburinka. Masu koyo kan ji haushin wannan taurin kai. Ni dai gara shiri ya ƙi haɗuwa a ɗaki da ya faɗi a ƙarƙashin gada cikin dare, ana ruwa, hanya ta yanke.

Daga nan sai gwaji. Ka ɗora direban, in ba a riga an haɗa debugfs ba ka buga mount -t debugfs none /sys/kernel/debug, da ikon root, don ba kowa ake bari ya shiga wurin ba. Ka shiga foldar kogi, ka karanta kowane fayil da cat. In ƙirgen karatu na hawa, na faɗuwa ma na hawa tare da shi, duba waya da ma'auni. In babu faɗuwa kuma ɗanyar lamba daidai take, lissafinka ne ya karkace. Canza tazara kuwa da echo ake yi, ka tura 60 cikin fayil ɗin. A ƙarshe ka cire direban, ka sake dubawa: foldar ta tafi da kanta. Cikakkun misalai suna cikin foldar samples/rust ta kanel ɗin, kuma karanta su ya fi kwafar abin da ba ka gane ba.

Kada a ɗauki Rust a matsayin laya. In ka rikita milimita da santimita, zai harhaɗa maka shirin lafiya lau, ya kuma ba ka amsar banza. Sannan debugfs ba shi da alkawarin ɗorewa; sunan fayil da fasalinsa na iya canzawa a siga ta gaba ba tare da an nemi izinin kowa ba. Google ma ya hana haɗa shi a wayoyin da ake sayarwa tun daga Android 11.

Saboda haka, ɗalibi, in na'urarka ta kai matsayin da za ta riƙa aika saƙon gargaɗi ga mutanen Auyo ko Guri, kada ka sa saƙon ya dogara da fayilolin debugfs. Ka fitar da tsayin ruwan ta tabbatacciyar hanya irin sysfs, ka bar debugfs don ranar neman matsala, kuma ka gama gwajinka tun da rani, kafin kogi ya kawo.