Amsoshin Tambayoyinku: Ina Hadda Take Zama a Ƙwaƙwalwa?

Malam mai sauraronmu daga Tsafe, ka tambayi inda haddar almajiri take zama har ta raka shi tsufa. Tana zama ne a mahaɗar ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa. Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya nuna a jikin dodon-koɗin teku cewa maimaici da tazara yakan sa ƙwaya ta ƙera sabon furotin, ta tsiro da sababbin mahaɗai. Shi ya sa tilawar asuba da ta dare a tsangayun Gusau ta fi karatun zama ɗaya kamawa. Wani zai ce ai furotin yakan lalace cikin kwanaki ko makonni. Gaskiya ne, amma mahaɗar takan sabunta kayanta, tsarinta kuwa yana nan, musamman in ana muraja'a da isasshen barci.