Gammon da ke Cikin Gwiwa

A cikin kowace gwiwa akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Aikinsu irin na gammo ne: suna rarraba nauyin jiki don kada ƙasusuwa su ci juna. A da, idan ɗaya ya yage, cire shi ake yi ɗungurungum, amma likita Fairbank na Ingila ya nuna a 1948 cewa gwiwar kan lalace daga baya.

A kan wannan guringuntsi Farfesa Martin Englund na Jami'ar Lund a Suwidin ya gina bincikensa. A 2008 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon hoton MRI na gwiwoyin mutum 991, masu shekara 50 zuwa 90, a garin Framingham na Amurka. Cikin waɗanda aka samu da yagewa, kashi 61 cikin ɗari ba su ji ciwo ba a watan da ya gabaci binciken.

Ke nan, ga dattijo, yagewar takan kasance alamar amosanin gaɓɓai, ba lalle ita ce tushen ciwon ba. Saboda haka motsa jiki da rage ƙiba ake fara gwadawa kafin a kai ga tiyata.