Darasin Kimiyya: Tsatsa a Ƙarfen Matakalar Bene

Ɗalibai, yau za mu duba abin da ke cin ƙarfen da ake dafawa wajen hawa bene, irin wanda ke waje ruwa na dukansa.

Tsatsa tana samuwa ne idan baƙin ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Idan ɗaya ya ɓace, ƙarfe ba ya tsatsa. Ku gwada da ƙusa uku. Ta farko a kwalba mai ruwa kaɗan, a buɗe. Ta biyu a tafasasshen ruwa da aka zuba wa man gyaɗa a sama, don tafasa tana korar iskar da ke cikin ruwa, mai kuma ya hana ta dawowa. Ta uku a busasshiyar kwalba, a toshe. Bayan mako guda, ta farko ce za ta yi ja.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take kumbura ta ɓamɓare fenti. Ga ta da ƙofofi, ruwa na ratsa ta ya ci gaba da ɓarna a ƙarƙashi. Gishiri yana ƙara mata sauri, haka ma takin zamani, abin da ya kamata manoman Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa su kula da shi, tunda a nan kudancin Katsina damina ta fi ta arewacin jihar ruwa. Kada a jingina buhun taki da ƙarfe.

Wajen gyara, a fara duba gindin ƙarfen inda ya shiga siminti da wuraren walda, domin nan ruwa ke kwanciya. Idan ya rube, sai mai walda ya yanke ya sa sabo, domin yara da tsofaffi ne ke dogara da ƙarfen. Sauran a kankare da buroshin waya da sanfefa har farin ƙarfe ya fito. Wanda ya shafa fenti a kan tsatsa asarar kuɗinsa ya yi. A goge ƙura, a shafa jan fentin ƙasa mai hana tsatsa, ya bushe, sannan fentin mai sau biyu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba, kafin ƙurar hunturu ta sauko ta manne wa ɗanyen fenti.