Baƙon da Ya Wuce Zaure: Wayar Hannu da Asirin Iyali

Karatu: 2 Sarakuna 20:12-19, Daniyel 6:1-13, Karin Magana 11:13

A Dagauda, cikin ƙaramar hukumar Dambam ta Jihar Bauchi, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Azare, magidanci ba ya ganin ginin gidansa ya kammala sai ya tsayar da katanga ya kuma yi zaure. Baƙo yakan tsaya a nan ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, amma ba ya zarcewa cikin gida sai da izini. Ba a yin haka don ana aikata mugunta a ciki. Ana yi ne domin kowane gida yana da abin da yake nasa: yawan hatsin da ya rage a rumbu, ciwon da uwargida take fama da shi, bashin da ake bin maigida, da hawayen da aka zubar jiya da dare. Wannan shi ne rufin asiri, abin da kowa yake roƙon Allah ya yi masa.

Tun daga 2001, lokacin da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, wani baƙo ya shigo wanda bai taɓa tsayawa a zaure ba. Yana kwana a ƙarƙashin matashin kai, yana zuwa gona da kasuwa da majami'a, kuma yana kai rahoto.

Abin da wayar take faɗa

Muddin waya tana kunne, tana magana da turken sadarwa mafi kusa da ita, ko da mai ita bai kira kowa ba. Ta haka kamfanin layi yake sanin yankin da take. Idan manomi ya tashi daga Dagauda ya kai wake kasuwar Azare, wayarsa takan bar sawu daga turke zuwa turke. Kamfanin yana rubuta lambar da aka kira, da lokacin kiran, da tsawonsa. Sashe na 38 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin su ajiye irin waɗannan bayanai har shekara 2, su kuma miƙa su ga jami'an tsaro idan an nema bisa doka.

A da, layi lamba ce kawai. A 2011 hukumar sadarwa ta NCC ta fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsu. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya kawo lambar BVN. A Disamba 2020 gwamnati ta umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma a Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su ba. Waɗanda suka yi sammako suka bi dogon layi a wuraren rajista ba su manta da wannan lokaci ba. Sakamakon shi ne, fuskar mutum da yatsunsa da layinsa da asusun bankinsa duk an ɗaure su da igiya ɗaya. Wanda ya kama bakin igiyar yana iya jawo sauran.

Hukuma da iyakarta

Adalci ne a faɗi dalilin da hukuma ta bayar. Masu garkuwa da mutane da waya suke neman kuɗin fansa, 'yan damfara ma da ita suke aiki, kuma iyalin da aka sace musu ɗa za su so a ce an san mai layin da ya kira su. Romawa 13 tana koya wa mai bi ya girmama hukuma domin an kafa ta ne ta hukunta mai mugunta. Saboda haka babu laifi ga mai bi ya yi rajistar layinsa.

Sai dai ikon gani yana bukatar linzami. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Ƙa'idojin NCC na 2019 sun ce sai da takardar izinin alƙali za a saurari wayar mutum, ko da yake sun bar ƙofa ga jami'ai su fara saurare cikin gaggawa, su nemi izinin cikin awa 48. Abin tambaya shi ne, a kan wa ake juya wannan ido? A Janairu 2024, Isa Ali Pantami, tsohon ministan da aka yi haɗin layi da NIN a ƙarƙashinsa, ya koka a fili cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata wajen kama masu garkuwa da mutane. Amma a Nuwamba 2022 jami'ai sun iya gano wani ɗalibi ɗan Azare a jami'arsa da ke Dutse, suka tafi da shi Abuja, saboda ɗan gajeren saƙon da ya rubuta a Twitter watanni biyar kafin nan a kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Sai a farkon Disamba aka janye ƙarar, bayan ƙungiyoyin ɗalibai da na kare haƙƙin ɗan'adam sun ɗaga murya. Ko maganar da ya rubuta ta dace ko ba ta dace ba, wannan wani zance ne. Abin lura shi ne saurin da ido ya yi a inda babban mutum ya fusata.

Mutane da yawa sukan ce wanda ba ya laifi ba shi da abin ɓoyewa. Labarin Daniyel ya ƙaryata wannan. Abokan aikinsa sun bincika shi ciki da waje ba su sami aibi ba, sai suka sa aka kafa dokar da ta mai da addu'arsa laifi, sa'an nan suka je suka same shi yana yi. Abin da ya halatta jiya shi ya kai shi kogon zakoki. Bayanan da aka tara a yau ba sa mutuwa tare da gwamnatin da ta tara su. Suna jiran duk wanda zai gaji kujerar. Ba ma sai an jira ba: a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta tarar da wani shafin intanet yana sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa cikin rumbunta, amma hakan bai kwantar da hankalin mutane da yawa ba.

Kuskuren Hezekiya

Duk da haka, mafi yawan abin da ke fita daga gidan mai bi ba ƙwace shi ake yi ba. A nan ne karatun farko yake da nauyi.

Hezekiya sarki ne mai tsoron Allah. Ya tashi daga ciwon ajali, sai ga manzanni daga Babila da wasiƙu da kyauta, sun zo yi masa barka. Daɗi ya kama shi. Ya zaga da su ɗakin azurfa da zinariya, da ma'ajin kayan yaji da mai, da gidan makamai, har babu lungun da bai buɗe ba. Ba su zo da takobi ba, ba su fasa ƙofa ba. Shi da kansa ya riƙe musu fitila. Da annabi Ishaya ya zo, bai tsawata masa don ya karɓi baƙi ba. Ya tambaye shi ne daga ina suke, da kuma iyakar abin da idonsu ya gani. Sa'an nan ya sanar da shi cewa wata rana za a kwashe dukan kayan zuwa Babila, har da waɗansu daga zuriyarsa. Abin da ya fi ba da tausayi shi ne yadda Hezekiya ya karɓi maganar: hankalinsa ya kwanta tun da ba a zamaninsa abin zai faru ba. Fiye da shekara 100 bayan haka, jikokin da ba su san ranar ba su ne suka biya.

Manzannin yau ma da kyauta suke zuwa. Facebook ba ya karɓar kuɗin rajista, WhatsApp ma haka. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya biya kusan dala biliyan 19 ya sayi WhatsApp a 2014 da talla yake samun kuɗinsa, talla kuwa tana tsada ne gwargwadon yadda aka san wanda za a nuna wa ita: shekarunsa, garinsa, abokansa, abin da yake tsayawa ya kalla. Gaskiya ne cewa tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma kullewar ba ta rufe lambobi da lokuta da irin wayar da ake amfani da ita ba, ba ta kuma hana wanda ya karɓi saƙo ya tura shi gaba ba. A Yuli 2024 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, ciki har da laifin sarrafa bayanan 'yan Nijeriya ba tare da cikakkiyar yardarsu ba. A Afrilu 2025 kotun da ke sauraren irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da hukuncin.

Akwai manzannin da suka fi waɗannan rashin kunya. A ɗauki misalin saurayi a Dagauda da kuɗin taki ya gagare shi, ya ga tallar manhajar ba da rance a wayarsa. Kafin a ba shi kuɗin, sai ta nemi izinin ganin lambobin da ke cikin wayar, ya danna amincewa ba tare da karantawa ba. Ya makara da biya kwana kaɗan, sai saƙo ya fara sauka a wayar fastonsa da surukinsa da shugabar zumuntar mata, ana kiransa ɓarawo. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a ƙasar nan har FCCPC ta kai samame ofisoshin waɗansu masu ba da irin wannan rance a Legas a Maris 2022, kamfanin Google kuma ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan masu waya daga ƙarshen Mayu 2023. Waɗanda ake turo wa mutum ta hanyar saƙo, ba daga ma'ajin Google ba, wannan hani bai ɗaure su ba.

A lura da wani abu cikin misalin. Saurayin ya ci bashi shi kaɗai, amma lambobin da ya bayar ba nasa ba ne. Fasto bai yarda ba, suruki bai yarda ba. Abin da ke cikin wayar mutum, mafi yawansa ajiyar waɗansu ce.

Amanar ɗan'uwa

Wannan ya shafi ikkilisiya kai tsaye, domin babu inda ake buɗe zuciya kamar cikin zumunta. Mace takan faɗa wa 'yar'uwarta cewa shekara bakwai ke nan ba ta sami haihuwa ba, ko mijinta ya koma shan giya, don a taya ta addu'a. Idan aka rubuta wannan da sunanta cikin zauren WhatsApp mai mutum 200, da kyakkyawar niyya ma, an fitar da shi daga hannun kowa. Magana zarar bunu ce, ta rubutu kuwa ta fi, domin tana nan bayan shekara goma yadda aka rubuta ta. Allah ya san mai ciwon ko ba a ambaci sunanta ba. Ana iya cewa a yi addu'a domin wata 'yar'uwa, a tsaya nan. Karin Magana 11:13 ta sa riƙon asiri cikin alamun mutum mai aminci, Hausawa kuma suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Akwai waɗanda abin ya fi yi wa haɗari. Wanda yake zuwa wurin fasto neman shawara ba tare da danginsa sun sani ba, hoto ɗaya da wani ya ɗauka a taron sujada ya sa a Facebook yana iya jefa shi cikin wahalar da mai ɗaukar hoton bai taɓa tunani ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanan da ke bukatar kariya ta musamman. Ta ba kowa damar janye yardarsa, da neman a goge bayanansa, da kai ƙara ga hukumar NDPC. Ikkilisiyar da ke riƙe da rajistar membobi da lambobinsu tana cikin masu riƙon amanar nan. Bai kamata a miƙa jerin ga ɗan siyasa ko ɗan kasuwa don ya yi alkawarin buhun siminti ba.

Sai yara. Dokar ta ce iyaye ne suke ba da izini a madadinsu, wato mabuɗin yana hannun uba da uwa. Jaririn da aka sa hotonsa da cikakken sunansa da ranar haihuwarsa a ranar suna, aka bi shi da hoton rigar makarantarsa da sakamakon jarrabawarsa, zai girma ya tarar an riga an zaga da baƙi cikin ɗakunansa tun bai san kansa ba. Yadda na'urori suke gane fuska a yau, ba wanda zai iya cewa ga inda hoton zai tsaya.

Ba wai a jefar da waya ba ne. Da ita ake jin farashin gero, da ita ɗa a Kano yake aiko wa uwarsa kuɗin magani. Abin da iyali za su iya yi shi ne su gina mata zaure. Su zauna wata maraice su duba izinin da suka ba kowace manhaja, su janye wanda ba shi da dalili. Manhajar tocila ba ta da hurumi da lambobin mutane. Su sa wa waya makulli. Wanda yake kai wayarsa wurin mai caji ko mai gyara ya kashe ta, ya cire layi idan zai yiwu. Lambar sirri da banki ya turo ba a karanta wa kowa ita, ko da mai kiran ya ambaci sunan mutum da ranar haihuwarsa daidai, domin sanin waɗannan ya daina zama shaidar gaskiya.

Don tattaunawa a gida: Lambobi da hotunan mutum nawa ne suke cikin wayoyin gidan nan, kuma nawa ne daga cikinsu suka san suna ciki? Idan aka kawo wa zumunta bukatar addu'a mai nauyi, wa ya kamata ya yanke shawarar ko a ambaci suna?