Yadda Ake Gane Shekaru da Darajar Tsohon Akwatin Rediyo

Mai tara tsofaffin akwatunan rediyo ba ya tsayawa kan kyawun fuskar akwati. Bayansa yake fara buɗewa. Idan ya tarar da ƙananan kwalabe masu kama da ƙwan fitilar lantarki, waɗanda ake kira bawul, to rediyon na tsohon tsari ne. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙirƙiro bawul a 1904. Irin wannan rediyo ba ya magana da zarar an kunna shi, sai kwalaben sun ɗumama.

A 1947 aka ƙirƙiro tiranzisto a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, ya zo ya gaji aikin bawul. Rediyon tiranzisto na farko da ya shiga kasuwa shi ne Regency TR-1, a 1954, kan dala 49.95. Ke nan wanda ya ce rediyonsa mai tiranzisto na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne, ko dai ya ruɗe ko yana neman ruɗa mai saye. Amma bawul shi kaɗai ba hujjar tsufa ba ne, domin an ci gaba da ƙera masu bawul har cikin shekarun 1960. Sai an haɗa da lambar ƙira da ke bayan akwatin.

Daraja kuwa tana ga kayan asali. Sabon fenti da baƙon maɓalli suna karya farashi. Kuma kada a gaggauta jona shi da wuta: ma'ajiyar caji da ke ciki, wato kafasita, takan lalace da daɗewa, tana iya ƙone rediyon, har ta raunata mai gwaji.